Wakilin Kamfani Mai Faifan Sata

Ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba ko da na rikice da tsufa, kuma kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: ni ne sakaran labarin. Amma sakarci daban, zalunci daban, kuma wallahi an zalunce ni.

Karatuna a aji huɗu ya tsaya (malamin ne ya gaji, ba ni ba), amma ina cikin waɗanda suka fara ajiye kwamfuta a shagon buga takardu a Kazaure, lokacin da saura ke ƙwanƙwasar tafireta. Manhajar rubutun da nake aiki da ita, a faifai na samo ta wajen wani mai kaset a Babura, an rubuta sunanta da jan biro. Faifan nan ya fi direban bas yawo. Na zuba wa 'yan Roni, na zuba wa 'yan Gwiwa. Duk yaron da ya koyi aiki a hannuna, ranar sallama kwafi nake ba shi, kamar yadda tela ke ba da almakashi. Da wasu 'yan jami'a suka kawo wata manhajar, wai kyauta ce kuma halal, korarsu na yi. Na ce mu tamu muka sani.

To, bara sai ga labari: kamfanin da ya ƙera manhajar tamu ya turo mutane za su naɗa wakili, wanda makarantu da ofisoshi za su riƙa sayen lasisi a hannunsa. Shagona kuwa tun da kowa ya koma waya, ƙuda ne kawai ke shiga. Wakilcin nan ne zai tashe shi. Wa za a ba in ba ni ba? Na sa babbar riga, na jefa faifan a aljihu, na ce wa mai ɗakina ta yanka zakara.

Wata Hajiya daga Kano, ma'aikaciyar kamfanin, ce ta jagoranci taron naɗin. Ta yi dogon bayani, sannan ta kira suna: Sabi'u.

Sabi'u! Yaron da ni na nuna masa inda ake kunna kwamfuta! Ga hula, ga riga, ga tafi raf-raf.

Ban san sanda na fizge makirfo ba.

"Hajiya, da wa kuka yi shawara? Kafin a haifi wannan nake muku aiki! Wa ya san ku a ƙasar nan in ba don ni ba?"

Sabi'u ya matso yana raɗa, "Baba, don girman Allah ka zauna."

"Rufe min baki, butulu!"

Na zaro faifan na ɗaga sama kamar kofin ƙwallo. "Da wannan na cika muku Kazaure! Ko sisi ban bari kowa ya biya ba! Jama'a, duk wanda na zuba masa, ya ɗaga hannu!"

Rabin zauren nan ni na zuba musu, har da hedimastan da ke zuwa shagona cin goro, amma kowa ya duƙufa kan wayarsa kamar an aiko masa da rasuwa. Hannuna ne kaɗai a sama. A nan na koyi cewa in za ka kira shaidu, ka fara tabbatarwa ba tare kuka yi satar ba.

Duk da haka ban haƙura ba. Na ce, "Hajiya, ke ki faɗi gaskiya, ban yi muku talla ba?"

Ta karɓe makirfon a hankali, har da ɗan rusunawa.

"Ka yi, Baba, Allah ya saka. Ai mun daɗe da sanin irinku, ƙyale ku muka yi ku gama sa mutane su saba da kayanmu. Yanzu sayarwa muka zo yi, kai kuma kyauta ka iya."