Turmin Mahaifiyata

Ranar da hukuma ta tashe mu daga tsohon Zongo, na tsaya kan direba yana ɗaure turmin marigayiya mahaifiyata a ƙarfen mota. Na ce, "Kauce, malam! Wannan ɗauri ne ko wasa?" Ni da na tsufa ina ɗaure awaki, wa zai koya mini igiya? Na kwance nasa, na yi irin na turke, wanda ja ɗaya ke warwarewa.

Muna tsallaka gadar tafki, kaya suka fizgi bakin igiyar. Ina kallo turmin ya gangara ruwa. Direba bai tsaya ba, sojoji na bayanmu. Abin da ta bar mini ke nan a duniya.

Har yau in na tsawata wa wani, maƙwabciyata Azumi sai ta ce, "Ku yi shiru, gwanar ɗauri na magana."