Yaƙin Kangon Kuɓewa

Da sunan Mai kowa Mai komai muke buɗe tarihin Malam Sallau ɗan Barau ɗan Nomau, jikan masu garma, garkuwar Layin Tsamiya, zakin da tarinsa kaɗai ke watsa kaji, mai gidan da ba a sauke tukunyarsa sai ƙarti sun kama.

A zamaninsa ne gidajen layin suka kafa majalisa, kowane gida ƙuri'a ɗaya. Wata rana majalisar ta zartar cewa kangon bayan masallaci, inda Sallau ke shuka kuɓewa duk damina, zai koma filin ƙwallo.

Sai sadauki ya miƙe, ya gyara zaman hularsa, ya yi huɗubar da ta girgiza benci. Ya nemi a faɗa masa wanda ya zaɓi majalisar, da kuma shari'ar da ta daidaita Tanko mai walda, gwauron da ba shi da kowa sai kyanwa, da gidan da ake cin tuwo rukuni-rukuni. Tanko ya ce in aka ƙirga kawuna, manyan gidaje za su haɗiye ƙanana. Sallau ya ba shi shawarar ya yi aure. Aka yi ta gwabzawa, hujja na karo da hujja, tun daga shuka har kuɓewa ta yi fure, kafin majalisa ta miƙa wuya: kowa zai ɗaga hannunsa da kansa.

Ranar zaɓe bayan la'asar, sadauki ya fito da rundunarsa, 'ya'ya da surukai da jikoki, mahaifiyarsa Inna Yalwa na biye tana dogara sanda.

"Kai ɗaya, ƙuri'a ɗaya!" in ji shi, ƙasa ta amsa.

Aka kira masu son kuɓewa. Hannun Sallau ya tashi kamar tuta. Can gefe wani hannu ya bi shi, na Tanko, wanda ya saba samun kwanon miya daga gidan Sallau. Aka kira masu son ƙwallo, sai hannuwan rundunar suka rufe rana, har da sandar Inna.

"Inna, har da ke?"

"Sallau, ai ba ka tambaye mu ba. Tun rasuwar ubanka muke shan yauƙi."

Yanzu sadauki yana noman kuɓewarsa a fasasshen bokiti, kuma an ji yana gaya wa Tanko cewa tsarin gida ɗaya ƙuri'a ɗaya ma akwai hikima a cikinsa.