Silifan Banɗaki a Makarantar Tudu

"...ya kwanan tsufa, Jiichan? Na ga haƙoranka sun riga ka tashi, suna cikin kofi suna jiran ka."

"Lafiya lau, sarauniyar barci. Ai har na ce a raba shinkafarki, na ɗauka sai gobe za a gan ki."

Haka 'yata Chinatsu da kakanta Tokuji, wanda take kira Jiichan, wato kaka, suke gaisawa kullum. Ina kicin ban sa baki ba, don shi surukina ne, kuma wanda ya shiga tsakaninsu shi ke kwana ciki. Amma ranar Lahadin nan hankalina ba a kwance yake ba. Washegari za ta miƙa wa malaminsu takardar zaɓen sakandare, kuma makarantar gwamnati ɗaya tak ake barin yaro ya zauna jarrabawarta. A garinmu biyu ne: ta Tudu mai wuyar shiga, da ta Bakin Kogi, wadda tsohon ya gama shekara sittin da suka wuce, ya kuma cika mana kunne da yabonta. Takardar ba ta karɓuwa sai da hatimin gida, ni kuwa tun jiya nake neman sa, ko sama ko ƙasa.

Chinatsu ta zura ƙafafu ƙarƙashin teburin ɗumi, mai bargo da hita a ƙasa, ta ajiye takardar.

"Fito da hatimin, Jiichan, ga shi can ya kumbura maka aljihu. Bakin Kogi na rubuta, sai ka yi rawa."

"Bakin Kogi? Wannan kangon? Da damina kwaɗi sun fi ɗalibai yawa."

"Af! Ba kai ka ce daga can ake yaye mazajen ƙwarai ba?"

"To ke namiji ce?"

"Ka ce malamansu sun fi na ko'ina."

"Duk sun mutu. Ni na raka na ƙarshen."

"Ka ce a zamaninka kun ci Tudu ƙwallo sha biyu da nema."

"Ranar mura ta kwantar da rabinsu, sauran kuma tausayinmu suka ji."

"Tabɗi. Ashe shekara goma sha biyar ƙarya kake shayar da ni."

"Kika sha kuwa, ga ki nan kin yi ƙiba." Ya ɓare lemo ya jefa ɓawon gabanta. "Ke kin ga ɗakin karatun Tudu? Hawa biyu, ga ɗumi. Ɗakin gwaje-gwajensu kuwa ko asibiti albarka. Matakala ɗari da sha huɗu daga ƙofa zuwa aji, ko ita kaɗai ta ishe ki maganin lalaci."

Chinatsu ta tsaya da tauna.

"Wa ya ƙirga maka matakalar?"

"Ji na yi."

"Ruwa ba ya tsami banza. Tsaya. Ƙawata Sayuri ta je Tudu ranar da aka buɗe makarantar don iyaye su gani. Ta ce wani tsoho ya fito daga banɗaki ya manta bai sauya zuwa silifan da ake ba baƙi ba, ya zagaye makarantar kaf da jan silifa mai rubutun banɗaki ɓaro-ɓaro, har ya rusuna wa shugaban makaranta da shi. Ta ce hularsa ruwan toka ce, mai huji a gefe."

"Tsofaffi masu hula sun yi yawa a garin nan."

"Masu hujin ma?"

"Silifan ya fi na baƙi laushi. Ko a wannan ma Tudu ta fi."

Na toshe baki da tawul don kada su ji ni. Chinatsu kuwa har da dukan tebur. Can dariyar ta ƙare, ta zuba wa takardar ido.

"Jiichan, in na faɗi fa? Malam ya ce makina a bakin layi yake. Bakin Kogi kuwa ido rufe zan shiga."

Tsohon ya daɗe yana juya lemon a hannu.

"Ni ma haka malamina ya ce, a bakin layi nake. Na rubuta Tudu, da safe tsoro ya kama ni, na goge na sa Bakin Kogi. Duk yabon nan da kika ji, rarrashin kaina nake yi. Rannan ne karo na farko da na hau matakalar nan, kuma sai da na huta sau uku. In kin faɗi, kin faɗi, za mu san yadda za mu yi. Amma matsoraci ba ya zama gwani, ga shaida zaune gabanki yana cin lemo."

Shekara ashirin ina gidan nan ban taɓa jin wannan ba. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Chinatsu ta ɗauki magogi ta goge, ta rubuta Tudu a hankali, ta tura masa. Ya zaro hatimin ya danna a jar tawada ya buga.

"A karkace ka buga."

"Haka manya suke yi."

"To, in na ci, ranar bikin shiga za ka zo. Amma ni zan zaɓa maka silifa, kuma banɗaki ba za ka shiga ba sai mun dawo gida."

Tsohon ya yi dariya har da tari, ya miƙa mata rabin lemonsa.

"Na ji. Ke dai ki ci, in sake hawa matakalar nan, ko da sau biyar zan huta."