Ranar da Na Tara wa Baba Direba Jama'a

Ko zan manta da komai a zamana na Abuja, ban da yammacin wata Alhamis. Amma bari in fara gaya muku halina. Ni ce irin matar nan da ba a son zaman kallo da ita. Ana fara shiri mai dogon zango, kafin kashi na farko ya ƙare na faɗi wanda zai mutu, da wanda zai ci amana, da wadda za a aura. Kuma ba na kuskure (a ganina dai). Mijina har roƙona yake yi: "Don Allah Maman Ilham, ki bar mu mu gani da idonmu." Ni kuwa in ƙarshen ya zo yadda na faɗa, daɗi nake ji kamar ni na rubuta.

Ranar na makara a ofis, bas ɗin ma'aikata ya tafi ya bar ni, ga hadari ya haɗo. Ina tsaye bakin titi sai ga wata tsohuwar mota, direban yana kiran "Kubwa! Kubwa!" Dattijo ne mai farin gemu. A gaba akwai wani saurayi da ya ja hular sanyi har gira, a baya kuma wata mata mai jiki tana gyangyaɗi. Na shiga.

Ba mu yi nisa ba na ji wani abu ya doki bayan kujerata. Dum! Daga but ɗin motar ne. Na ce ko kaya ne. Aka sake, dum dum, irin shure-shuren mai rai. Ba wanda ya ko waiga.

Sai wayar direban ta yi ƙara. Ya sassauta murya, amma kunnena ya riga ya miƙe.

"E, na samo shi... Yana but, na ɗaure shi tam... A'a, ba zai kuɓuce ba. Kai dai ka wasa wuƙa, da safe a gama da shi."

Jama'a! Duk mazaunin Abuja ya san labarin 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi, wani ma ba a sake jin ɗuriyarsa. Nan take na haɗa fim ɗin gaba ɗaya: dattijon nan shi ne ogan da ba a zargi, mai hular sanyi shi ne mai aika-aikar, matar nan kuma barcin ƙarya take yi don fasinja ya saki jiki. Ni ce wadda ake kashewa tun kafin a sako talla.

Na lallaɓa hannu na ja marfin ƙofa. Bai buɗe ba.

"Sai daga waje, Hajiya," in ji saurayin, ko juyowa bai yi ba.

Shi ke nan. Na kama salati a zuci, na tuna 'yata Ilham, na tuna ko sallamar kirki ban yi mata ba da safe.

Da muka shiga cunkoso kusa da wata gadar masu tafiya a ƙasa, na ga in ban yi yanzu ba, ba ni ba yi. Na murɗa gilashi, na zura kai waje, na kwarara ihun da ban san ina da shi ba.

"Ɓarayin mutane! Ku taimaka! Akwai mutum a but!"

Kafin in rufe baki an zagaye mu. Masu talla, 'yan kamasho, har da direbobin da suka bar motocinsu. Aka finciko dattijon, wani ya ɗauke shi da mari, hularsa ta faɗa cikin taɓo. Yana ta cewa, "Ku tsaya, bayin Allah," ba mai saurare. Da na ji wata murya daga baya tana cewa a kawo taya a ƙone shi, sai wani sabon tsoro ya rufe ni, wanda ya fi na farko. A fim ana yanke irin wannan wurin. Nan ba mai yankewa.

Allah Ya kawo wani ɗan sanda, ya kutso yana daka tsawa, ya sa aka buɗe but.

Rago ne. Ƙaton farin rago, ƙafafu a ɗaure. Ya ɗago kai ya dube mu, sannan ya ce "mee" (duk tsawon tafiyar nan ko tari bai yi ba, sai da ya gama tozarta ni).

Dattijon ya goge leɓensa da ya fashe, ya dube ni. "'Yata, ragon sunan jikana ne. Gobe suna."

Matar da na ce barcin ƙarya take yi ta dafe kai. "Kai Hajiya, kin kusa kashe mutum fa! Fim ya yi miki yawa."

Na durƙusa a kan kwalta ina kuka, ina "Baba ka yafe mini." Wani ya miƙo masa hularsa, ya kakkaɓe, ya ce, "Tashi, garin ne ya lalace, ba laifinki ba ne. Shiga mu tafi kafin ruwa ya sauko."

Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Haka na koma kujerata har Kubwa, kaina a ƙasa, saurayin nan yana ta atishawa, ashe mura ke damunsa. Kafin in isa gida wani da ya ɗauki abin a waya ya riga ya watsa bidiyon, washegari maƙwabta suka raɗa mini Hajiya Mai Rago.

Abin da na koya shi ne, fim yana da marubucin da ke son ya faranta maka a ƙarshe, hanyar Kubwa kuwa ba ta da shi. Yanzu kafin in yi ihun ceton rai, sai na fara tambaya ko mai ran yana da ƙaho.