Tasbihi a Ƙarƙashin Ruwa

Ni fa kifi nake soyawa a Jidda tun ana sauke alhazai daga jirgin ruwa, don haka na ɗauka teku ba ta da abin nuna mini.

Ƙanena Sale, mai aikin nutso a tashar jiragen ruwa, ya kai mu bakin teku ni da matarsa, ya ba ni gilashinsa da bututun numfashi. Ya ce, "Yaya, ciji wannan. Kome kika gani, kar ki buɗe baki."

Na ce, "Halas, yalla, ya isa, mu je! Ni za ka koya wa kifi?"

Na shiga har ƙirji, na dulmiya fuska. Jama'a, ashe lambu ne a ƙasa! Duwatsu masu rassa, ja da shunayya, kifaye kamar an rina su. Wani shuɗi ya tsaya yana kallona, ko tsoro babu. Ni a mace na san su, cikin mai.

Sai baki ya yi abin da ya saba: "Subhanal..."

Ruwan gishiri ya ƙarasa. Da ƙyar Sale ya jawo ni ina amai, matarsa tana kuka tana dariya.

Har yau in na ɗauki carbi, jikoki sai su ce, "Hajiya, tsaya mu kawo bokiti!"