Ɓaidu da Ledar da Ta Ruɓe

A Rafin Ƙirya an yi wani mutum Ɓaidu, wanda duk yadda magana ta fito haka yake ɗaukarta. Gidansu daga shi sai tsohuwarsa, sai ƙanwarsa Marka, wadda ta dawo daga jami'a da wani duro. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu rayuwa a ruwan gishiri. In sun ci ragowar abinci, sai a samu abin yin leda mai ruɓewa a ƙasa. Shekara uku ta yi tana wannan aiki.

Wata rana ta ce, "Yaya, duk abincin da aka bari a garin nan, kwaso min."

Liman ya bar tuwonsa ya tafi sallah. Ɓaidu ya ɗauke. Da Liman ya biyo sahu, ya ce, "Gafarta Malam, ka bari ko ba ka bari ba?" Liman ya kwana da furar maƙwabta.

Wata rana Marka za ta birni, ta nuna duro ta ce, "Ka riƙe su kamar 'ya'yanka." Kwana bakwai na cika ya raba goro, ya kira wanzami a yi musu aski. Wanzami ya leƙa duro ya ce bai ga kai ba.

"Kunya suke ji," in ji Ɓaidu. "Sun gaji uwarsu."

Wata rana leda ta farko ta fito, guda ɗaya tak. Masu tallafa wa aikin za su zo ganinta bayan wata biyu, in ba ta gamsar da su ba, shi ke nan. Marka ta ce, "Yaya, ka binne zancen ledar nan har su zo." Ɓaidu ya juya ledar ciki da waje bai ga zance ba, sai ya binne ta gaba ɗaya a bayan rumbu.

Baƙi suka zo, babu leda. Marka ta zauna ta riƙe kai. Ɓaidu ya ɗauko fartanya, kowa ya bi shi. Da ya tona, sai ga ɗan guntu kamar busasshen ganye, tsutsa na yawo a kai.

Shugabar baƙin ta durƙusa ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Kowa yana cewa tasa tana ruɓewa. Ke kaɗai kika nuna mana."

Suka sa hannu a takarda nan take. Ɓaidu kuwa ya ƙulle tsutsar a bakin riga, ya nufi gidan Mai Unguwa kai ƙarar ɓarauniya.