Yadda Za Ka Hana 'Ya'yanka Rushe Rumbun Da Ya Karkace

Kai maigida, kai da 'ya'yanka suka yi boko suka dawo suna auna ka da ido, matso kusa. Ni ne Malam Ɗan'inna na bayan duwatsun Dutse. Ban taɓa zama a bencin makaranta ba, ban kuma ga abin da na rasa ba. Agana ta kama ni ta gaji ta sake ni. Na ga farin da ya sa mutane tonon gidan tururuwa. Mota ta kife da ni a hanyar Birnin Kudu, na fito ina tambayar wanda ya taka mini hula. Duk wanda ya bi abin da zan faɗa, na ba shi tabbaci rumbunsa zai tsaya a karkace, 'ya'yansa su gaji su koma gari. Jikata Afra'u ce ke rubutawa, na kuma gaya mata in ta ƙara ko ɗigo, na sake ta in auri wata.

Mataki na ɗaya: Ka gane abin da ake hari

Ba rumbun ake nema ba, kai ake nema. Ɗana Sale ma'aikacin gwamnati ne, gidansa yana Takur. Zai zo ran Asabar da shaddarsa mai sheƙi ya durƙusa ya ce, "Baba, rumbun nan ya tafi. A sauke geron a sussuke a zuba a buhu, in kai sito a gidana. Kai da Inna ku dawo kusa da asibiti."

Ka ji zancen kamar tausayi ko? To ranar da geronka ya hau mota, kai ma ka hau. Mutumin da ke buɗe rumbu da hannunsa ya ciro dami shi ne maigida. Wanda suruka ke auna wa tuwo baƙo ne, ko da gemunsa ya kai cibiya.

Mataki na biyu: Kada ka yarda ya karkace

Ka shimfiɗa tabarmar baƙi ta ɓangaren da karkatar ba ta nunawa. In wani ya zagaya ya gano, ka tambaye shi yaushe rabonsa da likitan ido. In ya dage, ka ce haka mahaifinka ya gina shi da gangan saboda iskar gabas. Mahaifin naka ya rasu, ba mai zuwa ya tambaye shi.

Mataki na uku: Ka bar masu boko su yi surutu, ka tsinci na tsinta

Afra'u 'yar Sale ce, tana jami'a a Kafin Hausa, wai fiziks take karantawa. Na ce mata, "Amarya, me kuke dafawa a can?" Ta ce tana nazarin ƙwayoyin zarra, waɗanda suka fi ƙura ƙanƙanta, ido ba ya ganinsu, kuma a cikin kwamfuta take binsu. Ka ji fa. Uban ya sayar da sa ya biya kuɗin makaranta, ita kuma tana kiwon abin da ba a gani.

Ta nuna mini wani dutse da ya ɗosana a kafaɗar tsauni ta ce, "Kaka, kalli wancan. Ya sami ɗan gurbi ya zauna, kowa na cewa ya zauna ke nan. Amma ainihin mazauninsa yana can ƙasa. Rana ta gasa shi, ruwa ya zaizaye gindinsa, iska ta taɓa shi, domin ba shi kaɗai ba ne a duniya. Zai daɗe har a manta da shi, sannan rana ɗaya ya tafi, kuma ba mai iya faɗa maka wace rana ce. Ƙwayoyina ma haka suke yi. Rumbunka ma haka yake."

Na ce, "Tun ubanki yana yawo ba wando dutsen nan yake wurin."

Ta ce, "Ai abin da nake faɗa ke nan, angona. Daɗewa daban, zama daban."

Na tambaye ta ko akwai magani a cikin kwamfutar. Ta ce akwai wata dabara da suke gwadawa. In kana mayar da abu inda ya faro, ba a kan ƙa'idar lokaci ba, sai dai bagatatan, yakan daɗe a gurbin nan bai gangara ba. Ta ci gaba da wasu maganganu na sharaɗi da amma-amma. Ban saurara ba. Kai ma kada ka saurara. Duk abin da mai boko ya faɗa bayan "amma", na malaminsa ne.

Mataki na huɗu: Ka nemi gwafa

Itacen marke ya fi. Ka tokare rumbun ta inda ya rinjaya. Duk sanda ka tuna, ka ɗauki taɓaryar gidan ka buga gwafar ta koma inda take. Kada ka sa wa abin lokaci. Wata rana da hantsi, wata rana sai an yi kasuwa biyu ba ka leƙa ba. Tsohuwata Fatsuma takan ce, "Malam, mantuwa ce dai ke damunka." Sai in ce ilimi ne, jami'a ma haka take yi, ta tambayi kishiyarta mai kwamfuta.

Mataki na biyar: Ka mayar da magana farko

Nan ne asirin yake, kuma ba na ba kowa sai wanda ya cancanta.

Magana ma gangara take yi. Sale zai faro daga gaisuwa, ya gangaro kan damina, ya gangaro kan gara da ta cinye itacen gindi, har ya kusa isa inda dole ka ce to. Kada ka yi gardama. Gardama tura dutse ce. Kai dai ka bari ya ɗauko numfashin yanke magana, sai ka dube shi kamar yanzu ya shigo ka ce:

"Af, Sale! Ya hanya?"

"Lafiya lau, Baba. Dama cewa nake..."

"Ya iyalin?"

"Suna lafiya."

"Ya aiki? Ya manyan naku? Ya wanda ya yi ciwon ƙafa?"

Ba ɗan halak ɗin da ubansa zai gaishe shi ya tsallake. Dole ya amsa, dole ya sunkuyar da kai, dole ya tambaye ka ya ƙarfin jiki. Kafin ku gama, maganar ta koma bakin zaure, sai ya sake tattaro ta daga tushe. Kada ka riƙa yin haka a wuri ɗaya, zai gane ya shirya. Wani lokaci tun yana kan damina, wani lokaci sai ya kai gara. In la'asar ta yi ka tashi alwala. Na yi shekaru ina yi masa haka, yana hawa adaidaita sahu yana komawa Takur da maganarsa a baki. Mutumin da ke sa hannu a takardun gwamnati ke nan.

Afra'u ce kaɗai ta gano. Ta yi dariya har mayafinta ya zame, ta ce, "Kaka, dabarata ka sace! Amma Abba kake mayarwa farko. Gara ba ta amsa gaisuwa."

Na ce ta tafi ta kula da ƙurarta.

Mataki na shida: Kada ka kori ragon da ke susa

Ragon layyar Fatsuma ya mayar da gwafar wurin susar wuya. In ka kore shi a gaban mutane, ka amsa cewa rumbun yana tsoron rago. Rumbun da ya ga ambaliya bai motsa ba? Ka kau da kai, ka ci goronka.

Mataki na bakwai: In ya faɗi, ka ce kai ka sa shi

Ba iska, ba ruwa, ba ko ragon, yana can ɗaure. Da hantsi ne, farkon damina, Sale yana durƙushe a gabana, na kai shi "ya wanda ya yi ciwon ƙafa" karo na ban san nawa ba. Kaza ce ta tashi daga katanga ta sauka a kan jinka. Kaza! Rumbun ya yi wani nishi irin na tsoho zai miƙe, ya kwanta a hankali, cikinsa ya fashe, zangarniya ta watsu har bakin rijiya. Ga hadari ya fara haɗowa daga gabas.

Sale ya tuɓe shaddarsa ya fara kwasa. Da ma ya yi magana da na san yadda zan yi da shi. Fatsuma ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, gai da rumbun mana, ko ya tashi."

A irin wannan lokaci ka miƙe tsaye, ka gyara hula, ka ce da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji: "Yawwa. Dama yau na ce a sauke shi." Ka tsaya kana nuna inda za a ɗora kowane dami a motar da Sale ya kira, har na ƙarshe. Sannan ka hau, domin ba a barin gero ya yi tafiya shi kaɗai.

Yanzu ina Takur, a ɗaki mai fanka da ƙofar ƙarfe. Ba zama na zo yi ba, rakiya ce. Da zarar ruwa ya ɗauke zan koma in gina sabo a kan duwatsun tsohon. Na faɗa wa Afra'u haka yau da safe, na lissafa mata inda za a samo yumɓu da wanda zai yi jinka, na kusa kai wa inda za ta ce to, bari ta gaya wa ubanta. Sai ta ajiye wayar da take rubutu da ita, ta durƙusa har ƙasa ta ce:

"Af, Kaka! An tashi lafiya? Ya baƙunta?"

Na amsa. Ya zan yi? Ni na yi tarbiyyar gidan.

Faɗakarwa: Wanda ya bi matakan nan rumbu ya danne masa rago, ko ƙafa, ko ya farka ya gan shi a ƙarƙashin fanka ana auna masa tuwo, kada ya aiko mini da saƙo. Na ce rumbu zai tsaya, ban ce har yaushe ba. Ya nemi kazar.